Zazzaɓin da Na Rubuta wa Uwais

Al Thumama, Doha
3 ga Oktoba

Zuwa ga jikata Mubarika,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga tsohon mijinki da kika yasar a Doha. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin ƙasar nan taku bai fara cin ƙashinki ba. Ni dai da sauƙi. Ƙafafu sun ƙi, idon dama ya yi hazo, amma ɗan injin nan da suka dasa mini a ƙirji yana aikinsa. Ɗana Likita Abdulganiyu yana gaishe ki. Don ladabi na faɗi haka, gama rabona da in zauna da shi tun ranar Juma'a. Asibiti ya cinye shi. Wuni nake yi ni da na'urar sanyaya ɗaki da jiragen da ke wucewa ta saman gidan nan.

Labari ya iso mini cewa ku goma sha ɗaya aka zaɓa cikin dubban mutane don horon 'yan sama jannati. Na yi murna ƙwarai. A cikin tsararmu ni kaɗai na rage, ni ƙanen kakanki Ɗantala, saboda haka na yi murnar da shi ma zai yi.

Amma abin da danginki ke yi a Misau ya ishe ni. Baffanki Abass ya sa an buga atamfa da fuskarki cikin hular gilashi. An aiko mini da turmi guda ta hannun wani direba da ke aiki a nan Doha. Na ƙirga fuskarki sau goma sha takwas, kuma ko yaya tela ya yanka, dole mai ɗaurawa ta zauna a kan fuskarki. Ya shiga rediyo yana cewa kafin babbar Sallah za ki taka wata. Abass ɗin da ya ce karatun injiniya ɓata lokaci ne ga mace, yau shi ne uban 'yar sama jannati. Tir.

Ni kuwa na karanta takardar da hukumarku ta fitar, da gilashin ƙara girma, layi bayan layi. Horo shekara biyu ne. Bayansa jira. Kujerun tafiya ba su kai yawanku ba, kuma cikin waɗanda suka gabace ku akwai wanda ya jira shekara goma ya yi furfura bai bar ƙasa ba. Na faɗa wa Abass haka a waya, ya ce tsufa ne ya sa mini baƙin ciki.

Za ki ga na ja layi a kan wata kalma a sama, na gyara. Kada ki yi dariya. A makarantar malaman asibiti, Sistar da ta koyar da mu ba ta yarda a goge kuskure ba. Layi ɗaya za ka ja, ka rubuta daidai a samansa, ka sa hannu, don mai zuwa bayanka ya ga abin da ya faru. Hannuna ya saba.

Ki riƙa cin abinci. Ki rubuto, ban iya wannan magana ta waya ba, kunnena ya yi nauyi.

Kakanki,
Nasidi

*

Cibiyar horo
19 ga Oktoba

Kaka angona,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, har na nuna wa abokan horona rubutunka, suka ce kamar na injin ɗab'i. Lafiyata ƙalau. Atamfar nan kuwa ka yafa ta, ai kai ne mai ita.

Horo da wuya amma da daɗi. Mun kwana uku a daji cikin sanyi muna koyon yadda za mu rayu idan kumbo ya sauka inda ba a nufa ba. Muna shiga wani babban tafki sanye da kaya masu nauyin buhun gero biyu. Gaskiyarka ce game da kujeru. An ce mana wataƙila mutum biyar ne cikinmu za su tashi a shekaru takwas masu zuwa. Malamanmu sun ce ina cikin na gaba-gaba.

Ga abin da ya sa na rubuto da sauri. Akwai wani inji da ke juya mutum da ƙarfi, don jiki ya saba da nauyin tashi. Da na shiga makon jiya, na'urar da ke auna zuciya ta nuna wani ɗan tsalle na daƙiƙa biyu. Ni ban ji komai ba. Likitocin sun ce yawanci ba wani abu ba ne, in dai babu ciwon zuciya a dangi. Tun farko na rubuta musu cewa zazzaɓi ne ya kashe mahaifina, Baba Uwais, kamar yadda Mama ta faɗa mana. Yanzu suna son shaidar wanda yake wurin. Baffa Abass ya ce ai kai ne malamin asibitin da ya rubuta takardar rasuwarsa.

Na haɗo da fom. Layi biyu ne kawai: ka rubuta zazzaɓi, ka sa hannu. Da zarar ya iso za su mayar da ni cikin injin ranar ashirin ga Nuwamba. In bai iso ba, ajin zai wuce ya bar ni.

Ina da shekara shida lokacin, ban tuna komai sai takalmansa a ƙofar ɗaki.

Amaryarka,
Mubarika

*

Al Thumama, Doha
27 ga Oktoba

Mubarika,

Bayan sallama, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ni kwana biyun nan ba na jin daɗin abinci.

Fom ɗinki ya iso. Abass ya kira ni sau huɗu a kansa. Na farko da lallashi, na ƙarshe da tsawa. Ya ce gwamnatin jiha za ta aiko da wakili walimar da yake shiryawa, kada in kunyata gida. Ban san cewa sa hannuna ne ke riƙe da rumfar walima ba.

Dukan al'amarin nan ƙyama yake ba ni. Mutum ya kwanta a kabarinsa shekara ashirin da bakwai, a zo ana tono shi don a cika layi biyu. A ɗauki 'yar mutane a saka a inji a yi ta juya ta kamar ana kaɗa nono, wai don wataƙila, bayan shekara takwas, a harba ta inda babu iska babu alƙibla. Su kuma na gida suna ɗinka anko. Babu wanda ya tambaya ko me zai faru da ke a can in wani abu ya tsaya.

Wannan takarda ba zan sa mata hannu ba. Kada ki sake shiga injin nan. Ki bar ni in tattara hankalina, akwai maganar da ba ta shiga layi biyu.

Nasidi

*

Cibiyar horo
2 ga Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Da Baffa Abass ne ya rubuta ta shekara goma sha biyar da suka wuce, da ban yi mamaki ba. Amma kai? Kai ne ka raka ni tasha ranar da zan tafi jami'a, lokacin da kowa ya ƙi fitowa. Kai ka ba ni tsohon kamfas ɗinka na lissafi. Ashe akwai iyakar da ka yanka mini a ranka, ban sani ba. Mace ta yi karatu, amma kada ta wuce inda ake ganin alƙibla.

Game da alƙibla, malamai sun riga sun yi bayani, ba ni ce Musulma ta farko da za ta je ba.

Ba sai ka wahalar da kanka ba. Baffa Abass ya ce shi ma yana gidan ranar, zai sa hannu ya kai kotu a buga hatimi. Likitoci sun ce za su karɓa. Ranar ashirin zan shiga injin in Allah ya so.

Mubarika

*

Asibiti, Doha
14 ga Nuwamba

Jikata Mubarika,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gado nake, allura na hannuna. Ranar da wasiƙarki ta iso na tashi zan ɗauko alƙalami, sai na faɗi a falo. Injin ƙirjina ya harbe ni da lantarki sau biyu ya dawo da ni. Kwana tara ba su bar ni na riƙe komai ba. Saura kwana shida ki shiga abin nan, saboda haka ki karanta da kyau.

Ba ki fahimce ni ba, kuma laifina ne. Ba tafiyarki nake ƙyama ba. Kaina nake ƙyama.

Zazzaɓi bai kashe Uwais ba. Ko ciwon kai bai yi ba. Da hantsi ne, ranar Laraba. Ya ci ɗumame, ya fito yana tura babur ɗinsa da ya ƙi tashi, daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci. Yana dariya da masu shayi, sai ya saki babur ya faɗi. Kafin a kira ni daga ɗakin magani, tafiyar minti biyar, ya cika. Shekararsa talatin da shida.

Kakanki Ɗantala ma haka ya tafi, a gona, da fartanya a hannu, yana ɗan arba'in da ɗaya. Mahaifinmu kuma an ce a bakin rijiya ya faɗi yana jan guga. Mutanen gari sun riga sun fara raɗa. Wasu na cewa farfaɗiya ce a gidanmu, wasu na cewa iska ce ke bin mazan gidan. Kin san abin da wannan ke jawowa. Ba mai zuwa neman aure gidan da ake faɗuwa, ba mai ba ɗan gidan 'yarsa.

Kafin a yi wa Uwais wanka, kakarki Asabe ta kira ni ɗaki. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, akwai 'yan mata huɗu a gidan nan da ba su yi aure ba. Ka rufa mana asiri." Abass yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji. Mahaifiyarki Safiyyatu tana unguwa a lokacin, abin da aka faɗa mata shi ta faɗa muku, kada ki riƙe ta. Na koma ofis na buɗe littafi na rubuta zazzaɓi da kyakkyawan rubutun nan da abokanki suka yaba. Na ɗauka alheri na yi. An yi auren 'yan matan duka, na ci shinkafar bikin kowace.

Ban tsaya nan ba. Da na faɗi a masallaci shekara shida da suka wuce, Abdulganiyu ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Ya zauna gabana da takarda, ɗana na cikina, likita, ya ce, "Baba, akwai wanda ya taɓa mutuwar farat ɗaya a danginmu?" Na dubi idonsa na ce babu. Yana makarantar kwana lokacin Uwais, bai sani ba. Yana da 'ya'ya uku. Kullum suna wucewa ta gabana da kayan ƙwallo, ina ce musu Allah ya tsare.

Wannan ɗan tsallen na daƙiƙa biyu, ni na san shi. A ƙirjina yake.

Na san abin da wasiƙar nan za ta iya raba ki da shi. Ban aika wa hukumarku ba, ke na aika wa, don ke ba yarinya ba ce. Amma ki tuna a cikin kumbon nan ba ɗakin magani ko mai nisan minti biyar.

In kin ƙi ni daga yau, kin yi daidai.

Nasidi

*

Al Thumama, Doha
3 ga Disamba

Mubarika,

Sallama da gaisuwa. An sallamo ni, ina gida.

Ashirin ga wata ta zo ta wuce, ban ji daga gare ki ba. Wayar ta nuna kin buɗe hoton wasiƙar. Ban san ko kin shiga injin ba.

Na faɗa wa Abdulganiyu. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini. Ya ce da Larabcin asibitinsu, "Khalas, Baba," wato shi ke nan, ya ɗauki makulli ya tafi ya kwaso yaran daga makaranta aka kai su awo. Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya kira Misau ya ce kowa ya je a duba shi. Abass ya amsa da cewa ni tsoho ne mai ruɗewa, magungunan Larabawa sun taɓa mini kai, kuma an riga an yanka ranar walima. Mutumin da wataƙila ciwon nan ke kwance a ƙirjinsa, abin da ya dame shi kujerun haya.

Ko kalma ɗaya ce ki aiko. Ko zagi ne.

Nasidi

*

Cibiyar horo
11 ga Janairu

Kaka,

Ina gaishe ka. Ina raye, tunda abin da kake son ji ke nan.

Zan faɗa maka gaskiya, tunda yanzu ita muke yi. Wasiƙarka ta same ni da takardar Baffa Abass a jakata, da hatimin kotu da komai. Kwana biyar ina yawo da su biyun. Na ce a raina tsoho ne, ba shi da lafiya, wa zai sani? Shekara goma sha ɗaya nake bin wannan hanya. Ranar sha tara ga wata na kai takardar Baffa har ƙofar ofishin likita.

Abin da ya tsayar da ni ba tsoron mutuwa ba ne. A horo an raba mu rukuni-rukuni, kuma ni ce ke riƙe da igiyar abokin aikina in ya fita gyara a wajen kumbo. Yana da 'ya mai shekara shida. Na tsaya a ƙofar nan ina tuna takalma a bakin ɗaki. Sai na mayar da ta Baffa jaka, na fassara musu taka.

Ban shiga injin ba. Sun yi mini awo na mako shida, har da na jini. Sun samu. Ciwo ne da ake gado, yana da dogon suna, yana kwance shiru sai ranar da jiki ya yi babban yunƙuri. Sun cire ni daga jerin masu tashi. Ba na wannan shekara ba, na har abada. Ajinmu ya koma mutum goma. Sun ce in ina so in zauna a ɗakin da ake magana da kumbo daga ƙasa. Ban ba su amsa ba tukuna. Har yau in na ga abokaina sun nufi tafki da kayansu, sai in shiga banɗaki in rufe ƙofa.

Na tilasta wa ƙanena Mas'udu ya je Kano an auna shi. Shi ma yana da shi, kuma nasa ya fi nawa. Kullum da yamma yana buga ƙwallo, Kaka. Wata mai zuwa za a dasa masa irin injinka.

Ban san ko na yafe ba. Wata rana ina jin kai ka raba ni da sama, wata rana ina jin kai ka bar mana Mas'udu. Mama ta yi kuka kwana biyu, ba don ni ba, don ta ce shekara ashirin da bakwai tana zargin kanta cewa ba ta lura mijinta na zazzaɓi ba.

Likitoci suna son shaidarka a rubuce, don fayil ɗin dangi. Ga fom ɗin kuma. Layi biyun nan ne.

Mubarika

*

Al Thumama, Doha
20 ga Janairu

Jikata Mubarika,

Wa alaikumus salam, ko da ba ki yi sallamar ba. Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Jikina yana nan yadda yake. Cikin yaran Abdulganiyu an samu a jikin ta tsakiyar, an fara ba ta magani. Jiya ya shigo ɗakina ya gyara mini matashi ya fita. Na karɓa a haka.

Maganar Safiyyatu ban taɓa kawo ta a raina ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka matattu kaɗai na yi wa ƙarya. Na rubuta mata tata wasiƙar dabam.

An fasa walima. Abass yana gaya wa mutane wai Turawa ne suka yi miki hassada. Har yanzu ya ƙi zuwa awo. Na aika masa cewa atamfar da ta rage ya ajiye, ba a yin likkafani da mai hoto. Ya toshe lambata.

Ba zan ce ki yi haƙuri ba, ba ni da bakin faɗar haka. Game da ɗakin magana da kumbon nan kuwa, ke kika san abin da zuciyarki za ta ɗauka. Abin da na sani kawai, waɗanda za su tafi suna bukatar wanda in ya ga abu a na'ura zai faɗa musu yadda yake. Ni ban zama wannan mutumin ba. Ke kin zama, a ƙofar ofishin likita.

Na cika fom ɗin. Amma akwai wata takarda da na haɗo, ba hoto ba, ita kanta, ta gidan waya. Kwafin takardar rasuwar Uwais ce. Tana cikin akwatina tun ranar, ta biyo ni har Doha. Ban goge komai ba. Na ja layi ɗaya a kan zazzaɓi, na rubuta zuciya a samansa, na sa hannu da kwanan watan yau. Layin ya karkace, hannun ba na da ba ne. Ki nuna wa abokan naki wannan ma.

Atamfarki tana kan ƙafafuna yanzu, saboda sanyin na'urar nan. Na tambayi Abdulganiyu ko masu irin ciwonmu suna iya hawa jirgi na kowa da kowa, ya ce suna iya. Kowane minti kaɗan ɗaya yana saukowa ta saman gidan nan. In wata rana kin ga za ki iya kallon fuskata, ki shigo ɗaya daga cikinsu. In ba ki iya ba, ki kai takardar wurin Mas'udu, ya ajiye wa 'ya'yansa.

Kakanki,
Nasidi